Talaka da Sawaba: Tarken Harshen Siyasar NEPU da PRP Daga Mahangar Nguru da Gashuwa

1.0 Gabatarwa

Masana da dama sun yi rubuce-rubuce a kan jam'iyyar NEPU da magajiyarta PRP. Masana siyasa irin su Sklar (1963) da Dudley (1968) da Whitaker (1970) sun bi diddigin kafuwar NEPU da gwagwarmayarta da masu mulki. Manazarta adabi kuwa, musamman Birniwa (1987), sun tattara waƙoƙin jam'iyyun biyu suka kwatanta su da na abokan hamayyarsu. Sai dai galibin abin da aka rubuta daga Kano da makamantanta yake hango al'amarin, wato daga inda Hausa take harshen mai mulki da wanda ake mulka baki ɗaya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta tarki 'yan kalmomin da aka ɗora manufofin jam'iyyun biyu a kansu, musamman talaka da sawaba, sannan ta auna su a wani muhalli na daban, wato Nguru da Gashuwa a arewacin Jihar Yobe, inda Hausa ta tarar da Manganci da Badanci a gida. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kalmar talaka ita ce ƙarfin wannan siyasa, ita ce kuma iyakarta. Ta tara jama'a masu yawa a inuwa guda, amma ta lulluɓe bambancin dukiya da na harshe da na muhalli da ke tsakaninsu.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi da Manufofi

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Daga cikin waɗanda suka kafa ta akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a wannan shekara, ya kuma zama shugabanta a 1953. Da Hausa ana kiranta Jam'iyyar Neman Sawaba, alamarta kuwa tauraro ce. Manyan manufofinta su ne a mayar da En'e hannun zaɓaɓɓun wakilai, a raba kotunan alƙalai da ikon fada, a hana aikin tilas da zaluncin masu tara haraji, a yaɗa ilmi, a kuma ba mata damar jefa ƙuri'a, abin da matan Arewa ba su samu ba sai bayan rushewar Jamhuriya ta Farko da shekaru.

Ta fuskar kujeru NEPU ba ta taɓa zama babbar jam'iyya ba. A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa, ta yi nasara a matakin farko a birnin Kano amma aka tace 'yan takararta kafin mataki na ƙarshe. A zaɓen tarayya na 1959 kujeru 8 ta samu. Sojoji suka haramta ta tare da sauran jam'iyyu a 1966.

A 1978 Malam Aminu ya kafa PRP, mai alamar mabuɗi. A zaɓen 1979 ta ci gwamna a Kano, inda Abubakar Rimi ya hau, da Kaduna, inda Balarabe Musa ya hau. Gwamnatocin biyu sun soke haraji da jangali da hawansu. Ba a jima ba jam'iyyar ta dare biyu, majalisar dokokin Kaduna ta tsige Balarabe Musa a Yunin 1981, Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, juyin mulkin ƙarshen wannan shekara kuma ya rufe babin. An farfaɗo da PRP a Jamhuriya ta Huɗu, Balarabe Musa ya yi mata takarar shugaban ƙasa a 2003, Kola Abiola kuma a 2023, amma ba ta sake kusantar ƙarfinta na 1979 ba.

3.0 Sanarwar Sawaba a Matsayin Matani

Takardar da ta fi fayyace aƙidar NEPU ita ce Sanarwar Sawaba ta 1952. A taƙaice, ta ɗora laifin lalacewar rayuwar jama'ar Arewa a kan mulkin 'yan gida ɗaya da ke riƙe da En'e tare da goyon bayan Turawa. Ta ce akwai saɓanin buƙata tsakanin masu riƙe da En'e da talakawa, saɓanin da ba zai gushe ba sai talakawa sun kuɓuta. Ta ƙara da cewa kuɓutar aikin talakawa ne su da kansu, kuma tun da kowace jam'iyya buƙatar wani rukuni take wakilta, wajibi ne jam'iyyar talakawa ta yi hannun riga da jam'iyyar azzalumai.

Duk wanda ya jera wannan matani da sanarwar aƙida ta SPGB, wata ƙaramar jam'iyyar gurguzu da aka kafa a Landan a 1904, zai ga kamanni a ginin jumloli da jerin hujjoji. A can ma an fara da saɓanin buƙata tsakanin rukuni biyu, aka zo kan cewa ma'aikata su za su kuɓutar da kansu, aka rufe da wajabcin gaba da sauran jam'iyyu. Abin sha'awa ga manazarcin harshe shi ne sauyin da aka yi a gurabe biyu. Inda matanin Landan ya sa masu jari da masana'antu, na Kano ya sa masu riƙe da En'e. Inda na Landan ya sa ma'aikata, na Kano ya sa talakawa, kuma ya bar kalmar da Hausarta a tsakiyar Ingilishi, bai fassara ta ba.

Wannan ƙin fassarawa hikima ce. A Arewar 1952 masu aikin albashi tsiraru ne: ma'aikatan jirgin ƙasa, da leburorin kuza a Jos, da malaman ofis. Da an tsaya a kan kalmar ma'aikata ko leburori, da manomi da mahauci da tela da almajiri sun ji ba da su ake ba. Da kalma guda masu sanarwar suka ɗebo ra'ayi daga waje suka dasa shi a ƙasar da zai tsira. Amma sauyin ya taɓa ainihin aƙidar, domin matanin Landan mallakar dukiya yake magana a kai, na Kano kuwa riƙon iko.

4.0 Kalmomin Aƙida

4.1 Talaka

Kalmar talaka tana ɗauke da ma'ana biyu a Hausa. Dubi waɗannan jumloli:

(1) Sarki ya tara talakawansa a ƙofar fada.
(2) Talaka ne, ko akuya ba shi da ita.

A jumla ta (1) talaka shi ne wanda ba shi da sarauta, wanda ake mulka. A jumla ta (2) shi ne maras dukiya. Ana iya raba ma'anonin biyu ta hanyar gwaji mai sauƙi. A jumla ta (2) za a iya sa matalauci a gurbin talaka ma'ana ba ta sauya ba, amma a jumla ta (1) in aka ce sarki ya tara matalautansa magana ta koma wani abu dabam. Haka kuma sauran kalmomin da suka fito daga wannan tushe, wato talauci da talauta da talauce, duk ma'ana ta biyu kaɗai suke ɗauke da ita. M. G. Smith (1959) ya nuna cewa babban rabon da Hausawa suke yi wa al'ummarsu shi ne tsakanin masu sarauta da talakawa. Bisa wannan rabo, attajiri mai motocin haya goma talaka ne muddin ba a naɗa masa rawani ba.

Siyasar NEPU a tsakanin ma'anonin nan biyu ta zauna. Idan mai lacca ya ce talaka, manomin da aka ƙwace wa jaki saboda haraji yana jin ma'ana ta biyu, ɗan kasuwar da hakimi ya wulaƙanta kuwa yana jin ta farko, kowannensu kuma ya tafi da yaƙinin cewa da shi ake. Muddin dogari da ɗan doka da alƙali suna hannun fada, babu abin da zai tilasta a tambayi wace ma'ana ake nufi.

4.2 Sawaba

Asalin kalmar sawaba Larabci ne, inda take nufin daidai ko dacewa da gaskiya. A bakin Bahaushe kuwa ta karkata zuwa ga sauƙi bayan wahala:

(3) Maras lafiya ya sami sawaba.
(4) Hanyar nan ta fi sawaba.

Akwai kalmar 'yanci a harshen, wadda take kishiyar bauta, amma ita kowace jam'iyya tana iya riƙe ta a zancen neman mulkin kai daga Turawa. Sawaba kuwa a jiki ake jin ta, kamar wanda aka sauke wa kaya daga ka. Abokiyar hamayya, NPC, ta riƙi salama, wadda take nuni da cewa akwai zaman lafiyar da ya kamata a kiyaye daga masu tayar da fitina. Da kalmomi biyu, dukansu na aro daga Larabci, aka taƙaita wa maras karatun boko duk muhawarar zamanin.

Kalmar ta ƙetare iyaka. A Nijar jam'iyyar Djibo Bakary ta shahara da sunan Sawaba, ita ce ta nemi a ƙi tayin Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka kuma haramta ta a 1959. A Zariya ta zama laƙabin Hajiya Gambo Sawaba. Sai dai kalmar tana da rauni guda: tana faɗin abin da za a sauke, ba ta faɗin abin da za a gina. Watakila shi ya sa aikin PRP da jama'a suka fi riƙewa shi ne soke haraji da jangali, duk da cewa gwamnatin Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci ta kuma mayar da ranar ma'aikata ranar hutu a 1980.

4.3 Kalmomin Jamhuriya ta Biyu

Kafin PRP ta zo, ƙasa ta riga ta sauya. Gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa abin da ya rage. Abokin gabar da Sanarwar Sawaba ta ambata da suna ya rasa haƙoransa. Idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya, don haka masu ilmin boko na jam'iyyar, irin su Dokta Yusufu Bala Usman da Dokta Bala Muhammad, suka fi ba da ƙarfi ga wasu kalmomin: jari-hujja, da gurguzu, da 'yan mazan jiya, da juyin juya hali. Jari-hujja ƙira ce mai kaifi, domin ta haɗa suna biyu ta yanke hukunci: tsarin da dukiyar mutum ita ce hujjarsa. Amma kalmar tana nuna yatsa ga attajiri, shi kuwa attajiri yana cikin talakawa bisa ma'ana ta farko, wani lokaci ma shi ke ɗaukar nauyin reshen jam'iyya.

Sanadin rabuwar PRP a fili shi ne taron da gwamnoninta biyu suke halarta tare da gwamnoni biyar na UPN da biyu na GNPP, abin da uwar jam'iyya ta hana. Amma jama'a ba su kira ɓangarorin da sunan wata aƙida ba. Sun koma ga ƙasar damina suka ce taɓo da santsi: 'yan taɓo sun kafe tare da Malam Aminu, 'yan santsi sun zame tare da gwamnoni. Sunayen biyu biyayya ga mutum suke aunawa. Wannan alama ce cewa sababbin kalmomin aƙida ba su shiga jinin magoya baya yadda talaka da sawaba suka shiga ba.

5.0 Kalmomin a Nguru da Gashuwa

5.1 Muhallin Harshe

Nguru tsohon mazaunin Galadiman Barno ne, mai tsaron yammacin daular. Greenberg (1960) ya nuna cewa Hausa ta aro kalmomi masu muhimmanci daga Barebari, kuma sunayen sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima da Kacalla suna cikin abin da ya zo daga gabas. Ke nan wani sashe na kalmomin sarautar da NEPU ta yaƙa daga wannan nahiya ya shiga ƙasar Hausa. Da layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, sai tafiyar ta juya. Garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da dabbobi, fatake da mahauta da 'yan dako Hausawa suka cika shi, Hausa ta zama harshen tasha da kasuwa. NEPU ta fi kama ƙasa a garuruwan fatauci da na kan layin dogo, irin su Jos da Gusau da Ƙauran Namoda, Nguru kuwa ita ce ƙarshen layin. Kalmomin sarauta sun tafi yamma a kan doki, kalmomin adawa da sarauta suka dawo gabas a jirgin ƙasa.

Gashuwa kuwa fadar masarautar Bade ce, bayan an taso daga Gorgoram a zamanin Turawa. Badanci ɗan uwan Hausa ne a rukunin harsunan Cadi na yamma, kuma binciken Russell Schuh ya nuna yadda ya cika da kalmomin aro daga Barebari tun kafin Hausa ta zama harshen hulɗa a yankin.

5.2 Inda Kalmomin Suka Dace

Kalmar talaka ba baƙuwa ba ce a nan. Tana da takwara a harshen Barebari, kamar yadda take da ita a Zabarmanci da Fulatanci da Yarabanci. Abin da take kwatantawa ma sananne ne, sai dai sunayen masu riƙe da igiyar sun bambanta: inda Bakano yake da hakimi da dagaci da mai unguwa, mutumin Barno yana da ajiya da lawan da bulama. Haraji da jangali da kotun alƙali duk ɗaya ne. Ta wannan fuska kalmar ta yi aikin da babu sunan wata ƙabila da zai iya yi, domin ta ba Bamange da Babade da Bahaushe da Bafulatani suna guda da za su amsa.

5.3 Inda Suka Gaza

Akwai aƙalla wurare huɗu da kalmomin suka yi tuntuɓe.

Na farko, hujjar addini. Masu laccar NEPU da mawaƙanta sun saba kafa hujja da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda a littafinsa Kitab al-Farq ya lissafa jangali da gaisuwa cikin zaluncin sarakunan da ya yaƙa. A Kano da Katsina da Zazzau wannan hujja ce mai yanka, domin daga tutar Shehu sarakunan suka gaji mulki. Amma Barno ta yaƙi masu jihadi da takobi da alƙalami a ƙarƙashin Shehu Muhammadu al-Kanemi, Badawa kuma ganuwar Gorgoram suka gina don kare kansu daga hare-haren maƙwabta, ciki har da Haɗeja. A Nguru in aka ce Shehu ba tare da ƙari ba, Shehun Barno ake nufi. Kalma guda ce, amma a yamma tana nufin mai gyara da ake kafa hujja da shi, a gabas kuwa mai mulkin da ake kai wa haraji.

Na biyu, matsayin sarauta. Ga ƙaramar al'umma irin Bade, wadda ta tsira tsakanin manyan dauloli biyu, sarauta alama ce ta ɗorewar al'ummar kanta. Zancen da ya raba duniya gida biyu, masu sarauta da talakawa, ba shi da gurbin da zai ajiye talakan da yake ƙin zaluncin mai tara haraji amma yake ganin Mai Bade a matsayin shaidar cewa Badawa ba bayin kowa ba ne.

Na uku, harshen da aka yi kiran da shi. Sawaba da Hausa ta zo, Hausa kuwa a lardin Barno harshen baƙi ne a wancan zamani. Ba abin mamaki ba ne da adawar lardin ta nemi jam'iyyarta ta gida, wato BYM, wadda aka kafa a 1954, Ibrahim Imam kuma ya jagorance ta bayan ya bar NPC. Ta ƙulla ƙawance da NEPU a 1956, ƙawancen ya warware a 1958 ta koma wajen AG, kuma daga cikin buƙatunta har da jiha ta daban. A 1979 ma, lokacin da Nguru da Gashuwa suke cikin Jihar Barno, GNPP ta Waziri Ibrahim ce ta ci jihar, Muhammadu Goni ya zama gwamna, yana kuma cikin gwamnonin da taronsu ya raba PRP. Jama'ar yankin ba su ƙi adawa ba, amma sau biyu suna zaɓen wadda ta tsiro a ƙasarsu.

Na huɗu, tattalin arziki da muhalli. Manomin da ya kai gyaɗa Nguru ba a hannun lawan kaɗai yake asara ba. Hukumar cinikin amfanin gona ce take yanke farashi, wakilan kamfanoni da 'yan baranda suke awo, mafi yawan 'yan barandan kuma talakawa ne bisa ma'ana ta farko. Misali mafi bayyana shi ne na ruwa. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da take ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru har zuwa Gashuwa ta ragu kuma lokacinta ya rikice, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Manomin rani a Kadawa ta ƙasar Kano talaka ne, masunci da mai noman shinkafa a Gashuwa su ma talakawa ne, amma ruwan da aka tare wa na farko shi ne wanda na biyu suka rasa. Babu sarki a tsakaninsu da za a ɗora wa laifi. A irin wannan saɓani kalmar talaka ba ta da abin cewa.

6.0 Kammalawa

An ga yadda NEPU ta ɗauko ginin hujja daga wata al'ada ta gurguzu, ta cusa masa kalmar Hausa mai ma'ana biyu, ta sami harshen da ya koya wa wanda ake mulka cewa yana da suna kuma yana da haƙƙi. Wannan gudummawa ce da yawan kujeru ba ya aunawa, shaidarta kuwa ita ce har jam'iyyun da suka gaji abokan gabarta sun koma rantsuwa da sunan talaka. An kuma ga cewa kalmar ta fi kaifi a inda mai mulki da wanda ake mulka suke harshe ɗaya da tarihi ɗaya, ta dushe a lokacin da aka raba fada da iko, da kuma a wuraren da saɓanin yake tsakanin talaka da talaka.

Akwai wani abu da ya shafi manazarta harshe kai tsaye. Hausar da ta kawo kiran sawaba Nguru da Gashuwa ita ce kuma take ta karɓe gurbin Badanci da Manganci a kasuwa da bakin yara. Schuh da Alhaji Maina Gimba da abokan aikinsu sun fitar da ƙamusoshin Badanci a 2004, aka faɗaɗa su a 2009, amma adabin siyasa wani fage ne na daban. Aikin da yake gaban sassan nazarin harsunan Nijeriya shi ne tattara waƙoƙi da habaici da laƙabobin siyasa na shekarun 1950 zuwa 1983 daga bakin dattawan yankin da suka rage, cikin harsunan da aka yi su, don a ji da waɗanne kalmomi Babade da Bamange suka faɗi abin da Bahaushe ya kira sawaba.